Malamar Kwali da Ɗakin da Aka Kulle

Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa za ka gan ta ta shigo makaranta da damin kwalaye a hammata. Kwalin sabulu ne da na madara, ta yanka su daidai, ta zana madannan kwamfuta a kan kowanne, harafi bayan harafi, don 'yan aji shida masu neman takardar shaidar sana'ar kwamfuta. Abokan aiki suka laƙaba mata Malamar Kwali, suna dariya. Wannan watan take ritaya, sunan bai sake ta ba.

Abin takaicin, ko a lokacin makarantar ba ta rasa kwamfuta ba. Guda ashirin aka kawo gudummawa, suna jere a ɗakin da ke kusa da ofis, kowace an lulluɓe ta da ƙyalle, makulli kuma yana aljihun shugaban makaranta. Ba a buɗewa sai manyan baƙi sun zo, a yaye ƙyalle, a ɗauki hoto, a mayar. In ta nemi makulli sai a ce wai yara ɓarna gare su.

A shekarar da aka fara jarrabawar, saura mako uku mai jarrabawa ya zo ya zaunar da kowa gaban kwamfuta, amma cikin yaranta talatin da biyu ba wanda ya taɓa danna ta gaske. Yawancinsu daga nan karatu zai tsaya, takardar ce kaɗai abin neman aikinsu. Da ta kai kuka, shugaba ya ce ta kwantar da hankalinta, ai za a san yadda za a yi da mai jarrabawa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "yaron da ke da takarda hannunsa bai iya ba, ranar farko za a kore shi daga aiki. A ba ni makullin."

Bai bayar ba. Washegari da rana tsaka ta zo da kafinta, ya cire kwaɗon ɗakin a gaban kowa.

Masinjan makarantar har yau yana ba da labarin. Yaran sun san wurin kowane harafi ido rufe, amma kwali ba ya nutsewa, ba ya tashi kamar madannin gaske. Sai su danna su bar yatsa a kai, harafi ɗaya ya yi ta gudu har ya cika layi. Wata ɗaliba ta fashe da kuka. Malama ta kama yatsanta ta ce, "Taɓa ki ɗaga, 'yata, kamar kin taɓa tukunya mai zafi." Haka suka yi ta yi har da ranakun hutu. Ashirin da tara suka ci.

Ladan da aka ba ta shi ne takardar tuhuma kan lalata kayan makaranta, aka kuma riƙe mata ƙarin girma shekara huɗu. Sakamakon yaran kuwa aka manna shi a ofis, ƙarƙashin hoton shugaba. Wannan rashin kunya da ciwo yake.

Malama, ke ce kika zaɓi tuhuma a kan ƙarya. Daga ranar da kika sa aka cire kwaɗon ba a ƙara kulle ɗakin ba, kwalayenki kuma yara ke tafiya da su gida, inda babu kwamfuta. Ɗalibar nan mai kuka yanzu ita ke buga takardu a kotu, kuma kwalinta yana nan a jakarta. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Ku kuma iyaye da malamai, ku yi irin nata. Gobe ku leƙa makarantar yaranku, ku tambaya wa ke riƙe da makullin.