Tozon Ranar Tsere

Mahaifinmu mahauci ne a unguwar Gardole, ni nake tsayawa tare da shi a teburin nama. Ƙanena kuwa gudu ya zaɓa, mita ɗari takwas, zagaye biyu na fili. Tun yana lise, wato makarantar sakandare, yake fita bayan sallar asuba, ya bi bakin kogi, ya dawo kafin mu gama fiɗa. Ban taɓa ganin mai gudu irinsa ba. Kafaɗunsa ba sa motsi. Yakan ƙyale mutane su wuce shi, sai a kwanar ƙarshe ya buɗe ƙafa, ka ga kamar sauran tsayawa suka yi.

Baba bai so abin ba. Yakan ce masa, "Wa ya biyo ka? Ka yi ta gudu, ka dawo inda ka tashi."

Sai ranar da za a zaɓi mutum biyu su wakilci ƙasa a waje. Bayan la'asar za a yi tseren. Da azahar Baba ya shigo da tozo, wanda ya gasa da hannunsa. A gidanmu tozo na ango ne ko babban baƙo, bai taɓa ba ɗayanmu ba. Ya ajiye a gaban ƙanena, ya ce, "Ci, ka yi ƙarfi."

Mai horar da su ya hana su cin abu mai maiƙo ranar tsere, na sani. Ƙanena ya dube ni, ya dubi Baba, ya yi bisimilla. Bai rage ko yanka ɗaya ba.

Na huɗu ya zo. Na same shi bayan fili yana amai. Da ya ɗago, abin da ya ce kawai, "Yaya, kada Baba ya ji."

Da shekara ta zagayo, Baba ya sake kawo tozo. Ƙanena ya karɓa da hannu biyu, ya ce a ɗaki zai ci. Ni na cinye. Ranar shi ya zo na ɗaya. Haka muka yi ta yi shekaru. Ya yi tsere a ƙasashen da muke jin sunansu a rediyo, ya zauna Faransa, amma duk tseren gida sai tozo ya zo, ni kuma sai na ci.

Da gwiwa ta hana shi gudu, ya koma unguwar Gassi yana horar da masu tasowa. A can ciwo ya kama shi. Bai daɗe yana jinya ba.

Bayan sadakar arba'in muka koma kasuwa. Da azahar Baba ya gasa tozo, ya turo mini a takarda.

"Ci. Ai ka saba."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun shekara ta biyu. Shi yana nan kamar kara, kai ke fitowa daga ɗaki kana share baki."

"Me ya sa ba ka daina ba?"

Ya daɗe yana goge wuƙarsa kafin ya amsa.

"Nama kaɗai na iya. Me zan ba shi?"

Na jawo takardar gabana. Ya miƙo hannu, muka ci tare.