Ranar da Aka Yi Rawa da Waƙar Inna

Har yau ba na son shaƙar hayaƙin gurup, injin ba da wutar lantarki. Shi ke mayar da ni ƙauyenmu na kusa da Kona, yammacin da aka kunna tele a dandali.

Inna ba mawaƙiya ba ce tun asali. Bazarar da sanƙarau ya ɗauki ƙanena, yana cikin koyon tafiya, ita ta buɗe mata baki. Ba ta yi kuka gaban mutane ba. Amma in tana daka sai ka ji tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, tana kiran yaron ya dawo, kununshi ya huce.

Mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makaranta, ya jiyo waƙar ta bayan danga, ya gina wasan kwaikwayo a kanta, rabi magana rabi waƙa. Baba ya ƙi, sai da kakata ta sa baki ya bar Inna ta fito. Kowace shekara in hatsi ya shiga rumbu sai a yi wasan, kawu na kaɗa gurmi, mu ƴan mata muna amshi. Har Tasawa da Mayahi an kai mu. In Inna ta zo wurin waƙar ba a tafi. Mata dai su ja gyale su rufe fuska, don kusan kowacce ta binne nata.

Sai wasu masu shirya fim suka zo daga Maraɗi, suka ce za su kai wasan inda ƙafarmu ba ta zuwa. Suka sa Inna ta yi ta maimaita waƙar a bakin na'urarsu har muryarta ta dushe.

Da kaset ya iso, duk ƙauyen ya hallara bayan magariba. Inna ta ɗaura zanenta na salla. Da farko labarin namu ne, ana ta murna. Da aka zo wurin waƙar sai fiyano ya tashi, ga saurayi da budurwa cikin lambu suna zagaya itace, suna sake tufafi. Karin na Inna ne, amma inda take cewa ɗana an mayar da shi masoyina. Samari suka ɗau fito.

Inna ba ta motsa ba har aka gama. A hanyar gida kakata na ta Allah ya isa.

"Bar su, Iya," in ji Inna. "Ba su san shi ba."

Da girbi ya zagayo aka sake yin wasan. Tana fara waƙar sai samari suka karɓe da kalmomin fim, suna dariya, wani ya miƙe yana karkaɗa kafaɗa. Ta tsaya tsakiyar baiti, ta dube su, ta gyara ɗaurin zane ta yi gida. Daga nan ko a bakin turmi ban ƙara jin ta rera komai ba.

Yanzu Inna da kawu duk sun rasu, kuma shagon cajin waya ne a dandalin. Waƙar kam tana nan, ana sa ta a bikin aure. Kwanan baya ɗiyata ta tambaye ni me ya sa nake fita in an kunna ta. Na zaunar da ita zan koya mata ta asali. Layin farko na rera, da na nemi na biyu sai na fim ya zo mini baki.