Ƙamshin Alewa a Wuyan Riga

A bakin titi yake jiran mota, yaro ne ɗan ƙaramar sakandare, ko murya bai fasa ba. Kayan makarantarsa sun sha guga. Da gani akwai uwar da ke wahala a kansa. Hannu ɗaya yana riƙe da ƙanwarsa, ɗayan ya dunƙule sigarin lantarki mai kama da biro. Yana zuƙa, ya cusa baki cikin wuyan riga ya fesar, tari ya turnuƙe shi.

Ƙanwar ta ɗaga hanci tana shinshinawa.

"Yaya, alewa kake sha a ɓoye? Allah sai ka sam min."

Ya dube ta, ya dubi hannunsa. Har yanzu ban ji ya ce a'a ba.