Ƙwayoyin da Na Dama wa Buba a Kindirmo

Damina goma sha biyu ke nan da muka kai ƙanena Buba makwancinsa, amma ban taɓa rasa sukuni a kansa kamar wannan watan ba.

Mu jikokin makiyaya ne da suka zauna a Fadaman Mada, kuma a gidanmu mara lafiya nono ake ba shi. Da taifot ta kwantar da Buba, likita ya rubuta masa ƙwayoyi, ya yi wani bayani da ban tsaya na saurara ba. Buba ya ce ɗacinsu na tayar masa da zuciya. Sai na riƙa daka su safe da yamma, ina damawa a kindirmo. "Hamma, ai kai ne likitana," in ji shi, yana lashe ludayi. Zazzaɓin bai sauka ba. Kafin mu koma asibiti, hanjinsa ya huje.

'Yarsa Fa'iza, wadda ya bari tana sakandare, yanzu harhaɗa magunguna ne aikinta. Kwanan baya da na yi rashin lafiya ta kawo mini irin ƙwayoyin nan, ta tarar da ni da ƙwarya a gaba.

"Baffa, a ajiye nonon nan! Ku dai ko allura ce sai kun tsoma ta a kindirmo."

Ta ce shigar magani ciki ba ita ce aikinsa ba. Sai ya isa ƙaramin hanji, ya ratsa ƙananan ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe bangonsa, wani maganin ya tsiyaya da kansa, wani sai an ɗauke shi an tsallakar, sannan ya faɗa jini. Sinadarin nono mai ƙarfafa ƙashi yakan maƙale wa irin wannan maganin, ya hana shi ratsawa, da yawansa ya bi bayan gida.

Tun ranar nake zirga-zirga zuwa Ƙofar Ran, inda kabarin Buba yake, ba tare da wani dalili ba. Ajali na Allah ne, na sani. Amma hannuna ne ya dama, kuma marainiyar ba ta sani ba.

Me Buba zai ce yau? Ina jin dariya zai yi, don shi ya dage ta yi karatu lokacin da nake cewa firamare ta isa. Shanunsa sun ƙare, ɗakinsa ya zama shago. Dagewar nan ce ta rage.

Jiya na zaunar da ita, na faɗa mata komai. Ta share ido da gefen mayafi.

"Allah ya jiƙan Abba," ta ce. "Baffa, maganin yau da safe, da ruwa aka sha?"