Izun da Ƙanena Ya Haddace a Wadari

Mutanen unguwarmu a Gwandu sun haɗu a kan magana guda game da ƙanena, cewa ba zai taɓa riƙe izu ɗaya a kansa ba. Malaminmu na allo ya faɗa, goggonmu ta faɗa, har makahon da ke zama a ƙofar masallaci, wanda bai san shi ba sai da ƙarar wucewarsa a guje, shi ma ya faɗa. Ina so ka sani tun daga farko, ya kai mai karatu, cewa abin da suka ce ba zai yiwu ba ya yiwu. Mu uku ne muka shaida: shi kansa, da kawunmu, da ni. Biyu sun riga mu gidan gaskiya.

Shekara biyu na ba shi. Ba mugun yaro ba ne, kuma ba dolo ba ne. Abin da ya gagare shi kawai shi ne zama. In an aike shi sayen gishiri, sai ya dawo da labarin hawainiya, ba gishiri. In an ba shi tulu, a bakin rijiya za a tsinci tulun. A makaranta yakan ɗauki allo da niyya mai kyau, amma kafin ya kai aya ta uku gwiwarsa ta fara rawa, idonsa ya bi ƙadangare kan katanga. In an buge shi yakan yi kuka na gaskiya, ya rantse ya daina, ya kuma manta kafin hawayen su bushe. An kira abin ƙiriniya, an kira shi kunnen ƙashi, wasu suka ce iska ce. Ya sha rubutu har ya san ɗanɗanon tawadar kowane malami a garin.

Ni kuwa Allah ya hore mini zama. Nakan durƙusa tun hantsi har rana ta take ban motsa ba. Duk wanda ya shigo zauren mahaifinmu sai ya ce, “Ga yaro mai natsuwa, ba awa ƙane nai ba.” Da wannan yabo na girma, ban kuwa lura da cewa rabinsa daga bayan ɗan'uwana ake yanko mini shi ba.

A wata kaka, bayan an kai gero rumbu, kakarmu ta wajen uwa ta kwanta ciwo a Kalgo. Mahaifiyarmu ta tafi jinya da mu biyu, tafiyar kwana biyu da jaki ɗaya. Kafin mu tashi, mahaifinmu ya yanke magana a gaban malam: in yaron nan ya dawo ba shi da komai a ka, za a sa masa mari. Ga wanda bai sani ba, mari ƙarfe ne da maƙeri ke ɗaure ƙafafu biyu da shi, don mai shi ya kasa gudu.

Kawunmu na Kalgo masaƙi ne, mutum mai sanƙo da yawan dariya. Gidansa ƙamshin auduga yake da kunun shinkafar fadama. Kwana uku yana kallon ƙanena yana zagaya gidan kamar ɗan akuya, a na huɗu ya kira shi.

“Kai, mai ƙahwar tsuntsu, taho nan. Tunda Allah bai ba ka gindin zama ba, ni ina da aikin da ba a yi zaune.”

Wadari ya ba shi. Kafin masaƙi ya hau masaƙa, sai an ja zare tsakanin turaku da aka kafa nesa da juna, a je a dawo, a je a dawo, har zaren ya kai faɗin ƙyallen da ake so. Aiki ne na ƙafa, kuma manya ba sa son sa. Kawu yana da al'adar yin tilawa in yana aiki. Sai ya riƙa jefa wa yaron aya ɗaya in zai tafi, ya karɓe ta in ya dawo. In ya yi kuskure, kawu ya ce, “Zaren ga ya tsinke, koma ka ƙulla.” Ba bulala, ba tsawa. Ni ina zaune a inuwar itacen bedi da allona, ina ganin abin wasa ne.

Wata uku muka yi. Wata safiya, raɓa ba ta gama bushewa ba, na ji ƙanena ya ɗauko izu daga farkonsa, yana tafe yana jan zare. Na ajiye allo ina jiran inda zai faɗi. Bai faɗi ba. Ya kai ƙarshe da murya a sake, kamar mai kiran shanu. Akwai wani wuri a izun inda ayoyi biyu suka yi kama, ni kullum a nan nake tuntuɓe. Da na biya nawa a ranar na tuntuɓe, sai ya gyara mini daga can bakin turke, ko juyowa bai yi ba. Kawu ya yi dariya har ya share ido. Ni ban yi ba.

Kakarmu ta sami sauƙi, muka koma Gwandu da shigowar bazara. Washegarin dawowarmu aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ga mahaifinmu, ga malam, ga dattawa biyu na unguwa. Aka ce yaron ya durƙusa ya biya abin da ya samo. Ya durƙusa, ya fara da kyau. A aya ta huɗu jikinsa ya soma lilo, ya yunƙura zai miƙe, mahaifinmu ya danna kafaɗarsa. Da ya koma ƙasa, sai karatun ya ɗauke ɗif, kamar an rufe rijiya.

Ya ce, “Baba, ku bar ni in miƙe. In ina tahiya shina zuwa da kai nai.”

Malam ya riƙe haɓa. “Karatu da yawo? Awa mai tallar nono? Ina anka taɓa ji?”

Dattawan suka yi dariya. A wurinsu ladabin karatu shi ne zama, kuma ba su faɗi haka don mugunta ba. Haka suka tarar. Ƙanena ya juyo gare ni, fuskarsa cike da tabbacin cewa ya tsira.

“Yaya ya ji ni Kalgo. Har gyara na yi mai! Yaya, hwaɗa musu.”

Dariyar ta ƙaru, wannan karon da ni a cikinta. Mahaifinmu, wanda ba ya kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, ya dube ni ya ce, “Kai babba, mi kag gani?”

Me na gani, ya ce. Bai ce me na ji ba. Na shekara fiye da sittin ina juya wannan kalma. Na ga ƙofar da ta buɗe mini, na kuwa bi ta cikinta da sanina.

Na ce, “Ni dai na gan shi shina yawo da zare.”

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganar, kuma ban taɓa yin ƙarya da ta kai ta ba.

Kafin azahar maƙeri ya zo. Zafin bazara yakan gasa ƙarfen, sai mahaifiyarmu ta riƙa cusa tsumma tsakaninsa da fata. Ƙanena ya zauna kuwa. Malam ya ce, “Kun gani, ya natsu.” Amma allonsa bai sami wanki ba ko sau ɗaya har ruwan farko ya sauka aka cire marin. Daga nan ba wanda ya ƙara jin aya a bakinsa sai a cikin salla. Da ya tasa, ya bi fataken goro. Yakan zo gida bayan shekara biyu ko uku, ya kawo mini tsaraba, ya ce, “Malam babba, har yanzu kana zaune?” Bai taɓa tayar da maganar ba. Sau ɗaya muna alwala na ga tabon a idon sawunsa, na buɗe baki zan yi magana, sai ya ce, “Yaya, ruwan butata ya ƙare, zubo min.” Na zuba masa. A tafiya ta gaba ya rasu, a ƙasar da ban san kabarinsa ba.

Ni aka kai makarantar Turawa, domin an ce a ba da yaro mai natsuwa. Na koyar har gashina ya yi fari, na kuma yi ritaya da mutuncina. Ba na ɓoye cewa ina alfahari da aikina. Amma babu ajin da na riƙe da ban sami irin ƙanena a ciki ba, kuma abin da na yi musu shi ne sa su durƙuso a rana.

Yanzu ina da jika wanda ƙafarsa ba ta zama. Ubansa ya kai shi wurin likita, ya dawo ya ba ni labari a zaure. An ce halitta ce a ƙwaƙwalwa, tana sa yaro yawan motsi da kasa tsayar da hankali, ba iska ba ce, ba rashin tarbiyya ba ne. An ce a gajarta masa darasi, a bar shi ya motsa, a daina duka. Na saurara har ƙarshe, na sa masa albarka, na nemi ya bar ni ni kaɗai.

'Ya'yana suna so su rubuta tarihina. Sun tambaye ni ranar da na fara aiki da ranar da na ajiye, na ba su. Ranar haihuwata ban san ta ba, domin ba a rubutawa a lokacinmu. Amma akwai ranar da nake so a sa a gaban duka sauran, kuma kada a gyara mini lafazinta. A rubuta: Asabar, tara ga watan Safar, shekara biyu kafin a kai ni makarantar Turawa, aka tambaye ni shaida a kan ɗan'uwana, na riƙe ta.