Ranar da Na Kai Littafina Kasuwar Isa

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da dama daga kai, har sunayen waɗansu da muka yi aiki tare. Amma ranar da na tsaya a kasuwar garin Isa, takarduna a hannu, ina neman wanda zai shige wa littafina gaba, wannan kam ba za ni manta da ita ba muddin ina numfashi.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuwa ina saurayin malami a makarantar elemantare ta Sabon Birni. Abin da ke damuna shi ne yaranmu sun iya haɗa baƙi, amma ba su da abin karantawa da zai riƙe su. Littattafan da ake aiko mana duk maganar tsabta ce da kashe sauro. Sai na zauna na rubuta musu labari da kaina, na wata yarinya 'yar Gangara, wani ƙauye kusa da mu, wadda akuyarta ta ɓalle ta tsallaka iyaka ta shiga ƙasar da Faransi ke mulki, ita kuma ta bi sawunta ba da sanin kowa ba. Yaran ajina suka so shi ƙwarai, har na fara jin ya kamata yaran wasu garuruwa su ma su gan shi a buge.

A Zariya ake buga littattafai, ni kuwa ban san kowa a can ba. Na kwafe labarin da hannuna na aika ta gidan waya, shiru. Na sake kwafewa na ba wani ɗan kasuwa da ya ce hanyarsa ce, bayan watanni ya dawo mini da shi yana warin daddawa, ko buɗe shi ba a yi ba. Kawuna, wanda ke fatauci tsakanin garinmu da Maraɗi, shi ya zaunar da ni ya ce wahalar banza nake yi. Ya ce shi da ya tsufa a kasuwa, in ya kai sa garin da ba a san shi ba, dillali yake nema, wanda masu saye suka yarda da bakinsa. Ya ce in nemi wanda mutanen Zariya ke saurara, in gamsar da shi, sauran aikin nasa ne.

Can cikin damina labari ya zo cewa akwai wani mutum mai yawo da motar littattafai, yana sayarwa kasuwa-kasuwa, kuma in ya ga rubutun da ya yi masa yakan ɗauka ya kai Zariya ya tsaya masa. Aka ce zai ci kasuwar Isa, amma ba zai iso wurinmu ba saboda ruwa ya yanke hanya. Na nemi izini wajen babban malaminmu. Ya ba ni da ƙyar, ya ce in ajina ya kwana biyu ba malami zai rubuta wa En'e, ni in san abin da za ni faɗa musu.

Na naɗe takarduna cikin buzu, na ɗaure a bayan keke, na kama hanya da sassafe. Rabin tafiyar ni na ɗauki keken, ba shi ya ɗauke ni ba, don taɓo ya kai gwiwa a fadamu. Da na iso bakin gulbi masu fito suka ce ruwa ya yi ƙarfi, in jira ya faɗa. Na ce musu wanda nake nema ba zai jira ba. Muka shiga kwalekwale, keke a kwance, ni na ɗora buzun a kaina na riƙe da hannu biyu. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, domin ban iya iyo ba, amma ko kusa ba raina nake tunani ba.

Na tarar da motar a gindin wata tsamiya, an buɗe bayanta an jera littattafai. Mutumin dattijo ne siriri, mai tabarau, ba ya son yawan magana. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya dubi taɓon da ke jikina, ya karɓi takardun, ya buɗe shafi biyu ko uku a tsaye, ya miƙo mini. Ya ce rubutuna yana da kyau, amma littafin yara ba ya tafiya, don yaro ba ya saye, uba kuwa ba tatsuniya yake nema ba. Ya ƙara da cewa Hausar da na sa a bakin mutanen labarin ta Gobir ce, su munka da sunka, a Zariya ba za su karɓa ba. Ya juya ga wani mai tambayar littafin lissafi.

Na tsaya nan kamar an dasa ni. Da ya gama da mai sayen ya ga ban motsa ba, sai na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni tahiya haka nan. Ga yara nan cike da kasuwa, ba su san ni ba, ban san su ba. Za ni karanta musu. In sunka watse, ni ma in watse, ba ka ƙara ganina."

Ya ɗan yi murmushi ya ce kasuwa ta kowa ce.

Na hau kan wani turmi da aka kife, na fara karatu da ƙarfi. Yara masu tallan gyaɗa da fura suka fara matsowa, sannan waɗanda suka rako iyayensu daga ƙauyukan Tozai da Turba. Da na kai inda yarinyar ta iske sawun akuyarta ya haye iyaka, ga ɗan sandan Faransi a tsaye yana yi mata yaren da ba ta ji, wurin ya yi tsit, har manya suka bar ciniki. Wata mai nono ta sauke ƙwaryarta ta zauna. Na karanta har ƙarshe. Da na rufe, yaran suka ce in sake daga fari.

Na sauko ina jin na gama da shi. Ya kira ni gefen mota, ya ce ya fasa maganarsa ta farko, yara na son labarin, kuma Hausar Gobir ɗin ita ta sa su dariya, zai yi faɗa a kanta in ta kama. Amma duk da haka ba zai ɗauka ba.

"Kai kana kallon takarda, ni ina kallon fuskokinsu," in ji shi. "Duk inda ka tsayar da labari ka shiga yi musu gargaɗin bin iyaye, sai su fara waige-waige. Akuya suke so su bi. Ka bar su su bi ta, gargaɗin za su tsince shi da kansu. Je ka gyara. Za ka same ni nan bayan kaka."

Maganar ta yi mini zafi, don waɗannan wuraren su na fi wahala a kansu, su nake ganin za su burge manya. Na koma gida a ranar, na isa aji a kan lokaci, ban yi wa kowa bayani ba. Sai da na huce na gwada a kan yaran ajina, ina karatu ina satar kallonsu, na ga abin da ya gani. Na zauna na yanke, na sake ginawa, duk tsawon damina har aka yanke gero.

Bayan kaka na same shi a gindin tsamiyar. Wannan karon ya zauna ya karanta tun daga fari har ƙarshe, mutane na jiransa. Ya ce zai tafi da shi, amma in sani ba alkawarin bugawa ya yi mini ba, alkawarin tsayawa ya yi. Ya kuwa tsaya. Daga baya na ji sau biyu ana mayar masa da shi, yana komawa. Masu bugawa sun so su gyara bakin mutanen labarin ya koma irin na Kano, ya ƙi, sai a bayanin marubuci kawai ya yarda. Littafin ya fito ɗan siriri, da zanen akuya a bango wadda ta fi kama da tunkiya. Na raba wa ajina, na zauna a baya ina jin su suna karanta sunan Gangara a buge, suna duban juna.

Abin da na koya shi ne, naci yana kai mutum bakin ƙofa, kuma ba don shi ba da ko Isa ban isa ba. Amma wanda zai shigar da kai ciki ba mai yabonka ba ne. Ka nemi wanda zai dubi idonka ya ce aikinka bai nuna ba, domin irinsa ne kawai, ran da ya ce ya nuna, zai iya tsayawa gaban manya ya ƙi ja da baya saboda kai.