Gwaggo Tabawa da Zancen Farar Ƙafata

Bana shekara ashirin da tara ke nan da muka binne Gwaggo Tabawa, amma har yau in na ga hadari ya haɗo daga gabas sai in ji ina neman keke. Jikokina su ce tsoho ya soma ruɗewa. Ku bar ni! Da keke da hadari na samu kakarku.

Bayan babban farin nan na shekarun saba'in aka turo ni lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Sassumbrum, ina sabon mushe, wato malamin makaranta, ga ƙuruciya ga rawar kai. A kasuwa na ga Zainabu, na rasa sukuni. Mahaifinta Malam Idi manomi ne mai kiwo, fari ya bar masa shanu ƙalilan, kowace yana ji da ita kamar ɗiya. Gwaggo Tabawa yayarsa ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan.

Ranar da na fara zuwa gaisuwa, ban gama jingine keke ba aka sheƙo da gudu: bajimin Malam Idi ya faɗi a bakin rijiya, ya mutu. Zuwa na biyu, karsana ta ɓata. Shi ke nan! Malam Idi bai zage ni ba, bai kore ni ba. In ya hango ni dai sai fuskarsa ta ɗaure, ya amsa sallama da ƙyar. Magana ta zaga gari cewa mushe farar ƙafa gare shi. Ga kuma wani ɗan garin Mallawa yana zarya wajen Zainabu, an ce bayan kaka za a tsayar da magana. Wallahi na rame.

Sai Gwaggo ta tare ni ran kasuwa, ta ja ni gindin tsamiya. "Kai ɗan nan, ba kai Idi ya ƙi ba," in ji ta. "Fuskarka ce ta manne da gawar bajiminsa. Kada ka sake taka gidanmu sai na aiko."

To, nan wasa ya soma, kuma ban taɓa jin daɗin wata damina kamar wannan ba. Matar nan ta san saniya ciki da bai, ta duba hantsa ta faɗi ranar haihuwa. Sai ta ba masu tallar nono saƙo: a ce da mushe yau da la'asar. In taka keke kamar zan tashi sama, in iso ana lasar ɗan maraƙi, Malam Idi baki har kunne, ni kuwa ga ni durƙushe ina barka. Ranar ruwan shuka ma haka, na shigo gari iska na kaɗa rigata, ina sallama ruwa ya kece. Ranar da aka gano karsanar a wani garke wajen iyaka, Gwaggo ta riƙe albishir a bakinta sai da ta ji ƙararrawar kekena. Kafin gero ya fid da kai, Malam Idi da kansa ke cewa a dama wa mushe fura, yaron nan goshi gare shi.

Ni na ɗauka an gama. Ina! Ranar da manyana suka zo neman aure, Gwaggo ta fito ta tsaya a ƙofar zaure ta tona komai, da saƙon masu nono da duban hantsa. Na ce a raina tsohuwar nan ta kashe ni.

"Yaya, me ya kai ki?" in ji Malam Idi.

"Saboda wata rana zai zo maka ran baƙin ciki," ta ce. "Bai kashe maka sa ba, bai kawo maka ruwa ba. Ka dube shi shi kaɗai, in ya yi maka ka ba shi."

Malam Idi ya tuntsire da dariya har da hawaye. Ya ce shi ma ya yi mamakin mai hankalin da ke hawa keke cikin hadari don gaisuwa. Ya ce ga shi yanzu ya san dabara ce, amma zuciyarsa ba ta fasa yin fari ba in ya gan ni. Ya yi mini tambayoyi na kusan awa guda, irin waɗanda bai taɓa yi ba, kan iyayena da sallata da halina. Da kaka aka ɗaura aure.

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga zamanin waya. Jikana ya tsani mutanen wani gari da bai taɓa takawa ba, don ya ga hotonsu haɗe da wani mugun labari. Ƙanwarsa ba ta wanka sai da sabulun da mawaƙin da take so ya riƙe. Na san Gwaggo ba za ta yi faɗa ba. Za ta karkace kai ta yi tambayarta ta kullum: "Ranar da ka fara ganinsa, me ke tsaye kusa da shi?" Na gwada tambayar a kaina, na gano cin jar dawa da na daina tun shekarar yunwa ba laifin dawar ba ne. Har yanzu ba ta yi mini daɗi, amma na bar zaginta.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ta bari na gan shi ranar da ta cika a likitar Magaria, wato asibiti. Ni ne a kanta, ni kuma ya wajaba in kai wa ƙanenta labari. Malam Idi ya tsufa, yana zaune ƙofar gida, ya hango ni ya washe baki kamar yadda ya saba. Na durƙusa na faɗa masa, tsohon tsoron nan ya dawo mini sabo.

Ya daɗe yana salati. Sannan ya laluba ya kama hannuna ya riƙe gam.

"Zauna kusa da ni, Lawali," ya ce. "Ai ta gaya mana za ka zo ran baƙin ciki."